Kafin ka sayi fanka, esi ko hita: lissafin da mai kanti ba zai yi maka ba

A tsakiyar watan Afrilu, da misalin ƙarfe uku na rana, idan ka ɗaga hannu ka taɓa silin ɗin ɗakin da aka rufa da kwano a Kano, za ka ji shi kamar bayan tukunyar da aka sauke yanzu. Katifa ta ɗauki zafi, ruwan tanki ya ɗauki zafi, mariƙin ƙofa ma sai da gefen riga ake kama shi. Rana ta faɗi, an yi isha'i, amma bangon bulo yana ta amayo zafin da ya sha tun hantsi. Yara na juye-juye suna kuka, babba ya fito da tabarma tsakar gida, sauro ya maido shi ciki. A irin wannan daren ne magidanci ke ƙudurta cewa gobe idan Allah ya kai mu sai ya sayo wani abu. Wanda zafi ya kora kasuwa kuwa tambaya ɗaya ce a bakinsa: nawa ne?

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gidansa ya san kuɗin saye rana ɗaya ake biyansa, harawa da dawa kuwa kullum ne. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira esi, da doki ake auna ƙarfinta, a ce doki ɗaya, ɗaya da rabi, ko biyu, kuma halinta bai bambanta da na dokin ba. Haka fanka, haka hita. Kowaccensu tana da farashin da ke bakin mai kanti, tana kuma da wanda za ta riƙa karɓa a hannunka duk wata har ranar da za ta mutu. Na biyun ne yake raba araha ta gaske da araha ta yaudara, kuma gano shi ba ya buƙatar karatun injiniya.

A jikin kowace na'ura ta kirki akwai 'yar takarda ko ƙaramin ƙarfe da aka manna a baya ko a ƙasa, an rubuta wata lamba da harafin W a gabanta. Lambar nan ita ce wat, wato yawan wutar da na'urar ke ja idan tana aiki. Yunit ɗin da muke saya mu loda a mita kuwa, kowane ɗaya daidai yake da wat 1,000 na tsawon awa guda. Saboda haka sai ka ɗauki wat ɗin na'urar, ka ninka shi da yawan awannin da za ta yi a kunne, ka raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit ɗin da za ta cinye.

Bari mu sa kuɗi a ciki. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin yunit ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. Bayan 'yan watanni ya daidaita a kusan naira 210. Da wannan farashin zan yi misali, kowa sai ya sa nasa. Fankar sama ta gargajiya tana jan wat kamar 75. Idan ta yi awa 10 kullum, a wata ta ci yunit 22 da rabi, wato kusan naira 4,700. Esi mai doki ɗaya da rabi tana jan wat kamar 1,100. Idan ta yi awa 8 kullum tana aiki ba hutawa, kamar yadda takan yi a tsakiyar bazara, a wata ta ci yunit 264, kuɗinsu ya haura naira 55,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ɗaki guda ke nan, na'ura guda, ta kusa haɗiye albashin ƙaramin ma'aikaci. Wannan shi ya sa gidaje da yawa suke da esi a bango amma a lulluɓe da tsohon zani, ba a kunna ta sai an yi baƙo.

Wanda ke rukunin da ke ƙasa yana biyan yunit da rahusa, sai dai tasa matsalar daban ce. Band B awa 16 ne, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma kowa ya san lokacin da aka fi buƙatar wuta shi ne lokacin da ta fi ƙaranci. Idan aka koma janareta, lissafin ya ƙara muni. Ƙaramin inji da wuya ya ba ka yunit 2 daga litar fetur guda, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai ga haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Yunit ɗin janareta ya ninka na kamfanin wuta. Don haka kafin mutum ya tambayi kansa wace na'ura zai saya, ya fara tambayar kansa da wace wuta zai ciyar da ita, kuma ƙarfe nawa wutar take zuwa unguwarsu.

A ganina, ga mafi yawan gidajenmu kuɗin farko fanka ya kamata ya tafi wa, kuma a cikin fankoki wadda ake kira mai DC. Injinta na zamani ne, tana jan wat 25 zuwa 35 a inda tsohuwar ke jan 75, iskar kuma kusan ɗaya. A farashin da muka yi misali da shi, awa 10 kullum kamar naira 2,000 ne a wata. Ta fi tsada a kanti, amma babban amfaninta sai an zo maganar sola. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe yunit 1.2 a takarda. Idan na ruwa ne ko irin na darma da aka rufe, rabin wannan kawai ya kamata a riƙa sha idan ana so ya yi ƙarko, wato kamar yunit 0.6. Wannan zai riƙe fanka mai DC guda biyu dare guda cur. Fankar gargajiya guda ɗaya tak zai riƙe, da ƙyar ta kai asuba. Esi kuwa ba za ta cika awa guda a kansa ba. Allon sola ɗaya, batir ɗaya, fanka biyu da ƙwan fitila uku, wannan tsari ne da mai matsakaicin ƙarfi zai iya haɗawa a hankali, kuma rana ba ta yi mana rowa a arewa.

Fanka mai caji tana da nata wurin, musamman ga mai haya a ɗaki ɗaya. Abin da ya kamata a duba shi ne batirin da ke cikinta, domin shi ne ranta. Da yawa suna zuwa da ƙaramin batirin darma, kuma zafi babban makashin irin wannan batir ne: ƙarin digiri kamar 10 a kan 25 yana iya rage masa rabin rayuwa. Shi ya sa fankar da ke kaiwa asuba a watan farko take mutuwa ƙarfe ɗayan dare bayan shekara. A tambayi mai kanti ko batirin na litiyom ne, a kuma tambaye shi ko ana samun irinsa a kasuwa idan ya mutu. Fankar da ba a iya sauya mata batir, ranar da ya ƙare ta zama kwalliyar lungu.

Sai dai fanka tana da iyaka, kuma ya kamata a san iyakar. Ba ta rage zafin iskar ɗaki ko da digiri ɗaya. Aikinta ta kaɗa iska a kan fata, gumi ya bushe, bushewar gumin ta janye zafi daga jiki. Shi ya sa barin ta a kunne a ɗakin da ba kowa asarar wuta ce tsantsa. Idan kuma iskar ɗakin ta fi jikin mutum zafi sosai, fanka tana iya zama mai hura masa wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da fanka idan zafin bai kai digiri 40 ba, domin sama da haka tana ƙara wa jiki zafi. Wannan ba maganar wata duniya ba ce a wurinmu. A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Tsoho ba ya gumi kamar yaro matashi. Idan ka ajiye kakarka a gaban fanka da tsakar rana a ɗakin kwano, ka jiƙa mata mayafi ko ka yayyafa mata ruwa a hannu da wuya, domin iskar ta sami abin da za ta busar.

Wannan maganar ruwan ita ce ta kawo mu ga na'urar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba a arewa, wato fanka mai ruwa. Dabararta ba baƙuwa ba ce. Randar da ke ƙarƙashin bishiya a tsakar gidan iyayenmu da ita take aiki: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska ta kwashe shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan hikimar ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duk litar ruwa guda da ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗin lantarki. Fanka mai ruwa tana da ƙaramin famfo da ke jiƙa wani soso ko tabarmar kwali mai ramuka kamar saƙar zuma, sai fankar ta jawo iskar waje ta ratsa cikinsa. Iska ta shiga da zafi a bushe, ta fito da sanyi da ɗan danshi.

Sirrin yana cikin bushewar iska. A ranar da zafi ya kai digiri 40, danshin iska kuma bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, kamar yadda ake samu a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram a watan Maris da farkon Afrilu, na'ura mai kyau tana iya fito da iskar da ta sauka ƙasa da digiri 30. Wutar da take ja kuwa tsakanin wat 60 ne zuwa 200 gwargwadon girmanta. Mai wat 120 a awa 10 kullum za ta ci kamar naira 7,500 a wata, a inda esi ke neman sama da 55,000. Ƙaramin janareta zai ɗauke ta, matsakaicin sola ma haka. Mutanen Khartoum sun daɗe da gane wannan, gidajensu cike suke da irin waɗannan akwatunan ruwa a jikin taga da saman rufi, haka ma a Yamai. Ga wani alheri kuma: danshin da take kawowa yana sauƙaƙa bushewar hanci da maƙogwaro da iskar rani ke jawowa.

Amma da yawan waɗanda suka saye ta sun ce ba ta aiki, kuma na san dalili, domin na shiga ɗakin wani abokina na tarar da ita a tsakiyar ɗaki, ƙofa a rufe, tagogi a rufe, labule a sauke. Ɗakin ya zama kamar banɗakin da aka gama wankan ruwan zafi, gumi na bin bango. Ya ɗauke ta tamkar esi. Na ce masa, "Malam, wannan ba ta son kulle." Muka ja ta zuwa bakin taga, bayanta yana kallon waje, muka buɗe ƙofa rabi don iskar da ta jiƙa ta sami mafita. Kafin mu gama shan shayi ɗakin ya canza. Esi tana son a toshe ko'ina, fanka mai ruwa tana son iska ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani. Idan aka kulle ta, iskar ɗakin tana ƙoshi da ruwa, ba ta ƙara ɗaukar wani, sanyin ya tsaya, danshi ya taru.

Wannan dalilin ne kuma ya sa take da lokaci. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a ƙarshen Mayu, iska ta yi nauyi, amfaninta sai ya riƙa raguwa. A watan Agusta, idan zafi yana digiri 32 danshi kuma ya kai kashi 75, da ƙyar ta rage digiri uku. A lokacin sai a kashe famfon a bar ta ta zama fanka kawai. Mutumin Legas ko Fatakwal ba shi da abin da zai yi da ita a kowane wata, wanda ya ba ka shawara daga can bai san iskarmu ba. Tana kuma shan ruwa. Tawa takan shanye jarka guda mai lita 25 tsakanin azahar da isha'i a ranar da aka tsananta, don haka wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya sa wannan a lissafinsa. A riƙa zubar da ruwan da ya kwana biyu, a wanke tankin duk mako, don kada ya yi gansakuka da wari ko ya zama gidan sauro. Waɗannan 'yan ƙananan kuma masu kamar akwatin rediyo da ake tallatawa a intanet, tankinsu bai fi kofi biyu ba, fuskar mutum ɗaya kawai za su iya sanyayawa. A nemi mai faɗin soso da babban tanki.

Kafin in zo kan esi, akwai abin da ya fi kowace na'ura tasiri kuma ba a sayar da shi a kantin kayan wuta. Yawancin zafin ɗakin bene na sama ko gida mai hawa ɗaya daga rufi yake saukowa. Kakanninmu da suka yi soro da azara da katanga mai kauri sun gina ɗakin da ke jinkirta zafin rana, mu kuma muka koma kwano da bulo mai rami saboda sauƙi da sauri. Ɗakin kwano marar silin, duk abin da ka sa a ciki kamar zuba ruwa a kwando ne. Silin ko da na kwali ne yana kawo bambanci, idan aka bar 'yan ƙofofin iska a saman bango tsakanin silin da kwano don zafin da ya taru ya fita, bambancin ya ƙaru. Farin fenti a saman rufi yana mayar da hasken rana sama. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafinsu ya yi kama da namu, hukuma ta ɗauki wannan a matsayin shiri na musamman ga unguwannin talakawa. Bangon da ke kallon yamma shi ne yake shan ranar la'asar ya riƙe ta har tsakar dare. Rumfar zana a jikinsa, ko darbejiya guda da aka dasa aka yi haƙurin shayarwa, za ta rage wa fankarka aiki shekara da shekaru. Asabari a bakin taga ta waje ya fi labule mai kauri ta ciki, domin yana tare rana tun kafin ta taɓa gilashi.

Duk da haka akwai gidan da esi ta zama dole: akwai marar lafiya, akwai tsoho, akwai jariri, ko kuma zafin damina mai danshi da ba abin da ke maganinsa sai ita. Ga wanda zai saya, girman ɗaki ne farkon magana. Ɗakin ƙafa 12 tsawo 12 faɗi mai silin da inuwa, doki ɗaya zai iya riƙe shi. Idan yana shan rana ko a saman bene yake, a tafi ɗaya da rabi. Ƙaramar na'ura a babban ɗaki ba ta hutawa, tana cin wuta ba ta kai ga sanyi, ta mutu da wuri.

Ana yawan rikita mutane da kalmar inbata. Esi mai inbata ba ta nufin tana ɗauke da batir ko tana aiki ba wuta. Ma'anarta kwamfaresan ciki, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, yana rage gudu da ƙara gudu gwargwadon buƙata, maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi da ƙarfi. Ta gargajiya a duk tashin da za ta yi tana fizgar wutar da ta ninka ta aikinta sau da yawa, shi ne ƙwan fitila ke lumshewa, janareta ya yi gurnani. Mai inbata tana tashi a hankali, shi ya sa matsakaicin inji ko sola ke iya ɗaukarta, kuma idan ɗaki ya yi sanyi tana komawa jan wuta kaɗan. Ga wanda zai riƙa kunnawa kullum, ƙarin kuɗinta yana dawowa. Rauninta shi ne allon lantarkin da ke cikinta, wanda ba ya jure wutar da ke hawa tana sauka, gyaransa kuma da tsada. Kuɗin sitabilaiza ko na'urar kariya daga fizgar wuta a haɗa shi da kuɗin saye tun farko.

Ta hannu kuwa, wadda ake kira Beljiyam, na taɓa gwadawa. Shekarun baya na sayi wata a kusan rabin kuɗin sabuwa, jikinta fes. Sati uku ta yi tana sanyi, sai ta koma hura iska kawai. Aka ƙara mata gas, bayan wata guda ya sake zurarewa. A zuwa na uku mai gyaran, dattijo ne mai gaskiya, ya nuna mini wani wuri a jikin bututun jan ƙarfen da mai ya jiƙe, ya ce, "Alhaji, gas ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, sai in akwai inda yake fita. Wannan ta tsufa, yau ka toshe nan gobe can ya buɗe." Maganarsa gaskiya ce, kuma kowa ya riƙe ta: esi lafiyayya ba ta buƙatar ƙarin gas duk shekara. Yawancin tsofaffin nan da gas ɗin R22 suke aiki, wanda duniya ta amince a daina shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, ƙasashe masu tasowa kuma an ba su zuwa 2030. Sababbi suna zuwa da R410A ko R32. Ghana ta haramta shigo da tsofaffin firji da esi, tana kuma tilasta manna takardar taurari a jikin sababbi, mai taurari da yawa ita ce mai ƙarancin cin wuta. Idan ka ga irin wannan takarda a jikin wadda za ka saya, ka tsaya ka karanta. Araha ba ta ado.

Bayan an saya, yadda ake riƙe ta yana da rabonsa a kuɗin wata. Mutane suna sa ta a 16 suna zaton za ta fi saurin sanyi, alhali abin da hakan ke jawowa shi ne kwamfaresa ya ƙi hutawa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa ta a 27 a kunna fanka tare da ita, jiki zai ji kamar an rage digiri huɗu, wutar kuma ta ragu ƙwarai. Ƙurar arewa tana toshe rariyar cikin esi da sauri, a ciro ta a wanke duk sati biyu, aikin minti biyar ne. Akwatin waje a sa shi a inuwa inda iska ke wucewa. A toshe ƙasan ƙofa. Iyali kuma su haɗu a ɗaki ɗaya mai sanyi a dararen da aka tsananta, maimakon a ce sai kowane ɗaki ya sami tasa.

Sanyinmu gajere ne, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, amma yana shiga ƙashi. A Kano dare kan sauka kusa da digiri 12 ko 13, a Jos ƙasa da haka, gidajenmu kuma an gina su ne don iska ta ratsa. A nan lissafin ya fi sauƙi. Duk hitar lantarki, mai ƙarfen da ke yin ja ce, mai hura iska ce, ko mai mai a ciki, yunit ɗaya na wuta zafi ɗaya yake bayarwa. Mai tsada ba ta fi mai araha yawan ɗumi a kan yunit guda ba. Abin da ake biya a mai tsada shi ne aminci: ta kashe kanta idan ta faɗi ko ta yi zafi fiye da kima, da ma'aunin da ke tsayar da ita idan ɗaki ya ɗumama. Mai wat 1,500 a awa 4 kullum za ta ci kusan naira 38,000 a wata a farashin misalinmu, kuma batirin sola na gida ba zai ɗauke ta ba. Wayar da za a jona ta ma abin dubawa ce. Siririyar wayar jone mai ramuka huɗu tana narkewa a ƙarƙashin irin wannan nauyi, a lokacin da iskar hunturu ta busar da komai, gobara kuma ba ta jira.

Saboda haka a sanyi ya fi sauƙi a ɗumama mutum fiye da a ɗumama ɗaki. Bargo mai kauri, rigar sanyi, safa da hular sanyi ga yara, darduma ko tabarma biyu a kan siminti, tsumma a ƙasan ƙofa, leda ko kwali a tagar da gilashinta ya fashe. Waɗannan sau ɗaya ake saye, ba sa neman mita. Ruwan wanka shi ne babban abin da ke cin wuta a wannan lokacin. Ɗaga bokitin lita 20 daga digiri 15 zuwa 40 yana cin yunit kamar 0.6, gida mai mutum takwas sai a ninka. Baƙar jarka a rufe a rana tun hantsi tana ba da ruwan wankan yara da la'asar kyauta, ruwan alwalar asuba kuma a dafa shi tun dare a zuba a fulas. 'Yar hitar nan da ake tsomawa a bokiti tana da araha ƙwarai, amma ta kashe mutane: kada a taɓa ruwan tana jone, kada a bar ta inda yaro zai kai hannu, kuma idan aka ɗauke wuta tana ciki a zare ta nan take, domin wutar tana dawowa bayan an manta.

Abin da ya fi damuna a duk wannan bayani shi ne kasko. Shi ne mafi araha a cikin duk abin ɗumama ɗaki, shi ne kuma muke sa wa waɗanda muka fi tausayi: tsohuwa, maijego da jaririnta, marar lafiya. An saba cewa a bar gawayi a waje har hayaƙin ya ƙare, ya zama jan garwashi, sannan a shigar da shi. Ƙarewar hayaƙi ba ta nufin ƙarewar haɗari. Garwashin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar numfashi sama da sau 200. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, wanda yake barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Ita ce dai iskar da ke fita daga janareta, wadda ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya saboda an shigar da inji soro ko baranda don gudun ɓarayi.

Gwaggona takan sa kasko bayan magariba, a zauna a kewaye shi ana hira taga a buɗe kaɗan, ɗaki ya yi ɗumi. Lokacin kwanciya sai ta sa a fitar da shi tsakar gida a rufe da toka, ta zuba ruwan zafi a kwalba mai murfi, ta naɗe da zani, ta tura ƙarƙashin bargo wajen ƙafafu. Kwalbar tana riƙe ɗumi har tsakar dare. Idan kuwa aka wayi gari mutanen ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai da jiri, ko aka tarar da wani ya kasa tashi kuma da kasko ko inji a kusa, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da su sarari, a wuce da su asibiti a gaya wa likita abin da aka kwana da shi a ɗakin.